Kana son karanta astirofizik a digiri na biyu ko na uku? Ga abin da za a nema a wajenka

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan la'asar ina zaune a ƙofar gida sai ga ɗan maƙwabcinmu, yaro ne mai hankali yana aji uku a sashen fizik, ya gaishe ni ya tsuguna ya ce Yaya dan Allah tambaya gare ni, ni fa ilimin taurari nake so na karanta in na gama digiri, irin na masu binciken baƙin rami da yadda rana take ci da wuta ba ta mutuwa, amma abokaina sun ce ɓata lokacina nake tunda ko na'urar hangen taurari ban taɓa leƙawa ba kuma a makarantarmu babu wannan sashen. Na ce masa tashi ka hau benci ƙanina, maganar tana da tsawo. Abin da na gaya masa shi zan maimaita a nan har da ƙari, saboda na san ba shi kaɗai bane, akwai irinsa a Kabuga, akwai a titin Gwarzo, akwai a Wudil, har da 'yan mata masu kai sosai da suke jin nauyin ma su furta cewa abin da suke so kenan.

Bari mu fara gyara sunan tukunna, don a garin nan namu na Kano in ka ce ilimin taurari wasu duba za su ɗauka kake nufi, wasu kuma su ce ai ganin watan azumi ne. Astirofizik ba wannan bane. Fizik ɗin nan dai da ka sani ne, aka ɗauke shi aka ɗora a kan rana da taurari da gungun taurari da duk abin da ke sararin samaniya. Me yasa tsakiyar rana ta kai zafin digiri miliyan 15 alhali bayanta bai wuce wajen 5,500 ba, ta yaya daga hasken tauraro kawai za a gane yawancinsa haidirojin ne ba tare da kowa ya je can ya ɗebo ba, me ke faruwa da tauraro in makamashinsa ya ƙare. Irin tambayoyin kenan. Kaga kuwa amsarsu lissafi ne da fizik, ba kallon sama ba.

Shi yasa nake cewa duk wanda ya ce maka sai ka taɓa riƙe na'urar hangen taurari za a ɗauke ka, bai san harkar ba. Ba wanda zai tambaye ka wannan. Su kansu masu binciken da yawansu a gaban kwamfuta suke wuni, na'urar tana can kan wani dutse a ƙasar Chile ko tana shawagi a sama, bayanan ne suke zuwar musu ta intanet. Abin da kwamitin ɗaukar ɗalibai yake dubawa shi ne, yaron nan ya iya fizik da gaske, ya iya lissafi, zai iya sa kwamfuta ta yi masa aiki, kuma ya taɓa kama wata tambaya ya bi ta da kansa har ya kai wani waje. Sai kuma a sami malamai da za su tsaya masa su ce eh mun san shi, haka yake. Duk sauran takardu bayan waɗannan suke zuwa.

Digirin farko da ya fi dacewa shi ne na fizik zalla. Ba sai an rubuta astironomi a kan satifiket ɗinka ba, wallahi sassa da yawa a waje sun fi son wanda ya yi fizik mai ƙarfi bai san sunan tauraro ko ɗaya ba a kan wanda ya haddace sunayen taurari amma kwantum ta kayar da shi. Wanda ya yi lissafi shima yana da hanya musamman ta ɓangaren nazarin asalin sararin samaniya da ka'idar Einstein, in dai ya ɗauki kwasa-kwasan fizik a gefe. Injiniyan lantarki yana shiga ta ɓangaren ƙera na'urori da astironomin rediyo, ɗan kwamfuta kuma ta ɓangaren sarrafa bayanai, amma su biyun nan sai sun cike giɓin fizik. Wanda ya yi fizik na koyarwa, wato haɗe da ilimin malanta, ya duba tiranskirif ɗinsa da kyau don sau da yawa akwai manyan kwasa-kwasan da ba a ba su, irin wannan da mai HND yawanci sai sun bi ta PGD kafin mastas. In kuma kai har yanzu kana sakandare, ko a Dawakin Kudu ko Dawakin Tofa ko ina ne, toh kiredit biyar har da Turanci da lissafi da fizik da kemistiri, kuma a JAMB Turanci, fizik, lissafi, kemistiri. In makarantarku ana yin ƙarin lissafin nan na fada-mas kar ka guje shi.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. A cikin tiranskirif ɗinka akwai kwasa-kwasai huɗu da idon farfesa yake fara sauka a kansu kafin ma ya kalli jimillar makinka. Makaniks na manya, wanda ake yin lissafin Lagrange da Hamilton a ciki, don da shi ake lissafin yadda duniyoyi suke zagaya rana da yadda taurari suke yawo a cikin gungunsu. Sai lantarki da maganaɗisu, lissafin Maxwell, saboda kusan duk abin da muka sani game da sama haske ne ya kawo mana labarinsa, ko na ido ko na rediyo ko na eksire. Sai kwantum, wadda ita ce take bayanin layukan da ake gani in an tarwatsa hasken tauraro, da su ake gane sinadaransa da zafinsa da gudunsa. Na huɗu ilimin zafi da makaniks na ƙididdiga, wanda ɗalibai suka fi rainawa suna haddace shi daren jarrabawa, alhali shi ne cikin tauraro gaba ɗaya. Ka ɗauki Chandrasekhar, ɗan Indiya, a 1930 yana da shekara 19 a cikin jirgin ruwa zai tafi Ingila karatu ya haɗa kwantum da ƙididdiga da ka'idar Einstein ya gano cewa gawar tauraro irin wadda ake kira farin wada ba za ta iya wuce wani nauyi ba, wanda yau aka tsayar a kusan ninki 1.4 na nauyin rana. Takarda da alƙalami ne a hannunsa, ba na'ura ba. Ya karɓi kyautar Nobel a 1983.

In ka sami A ko B a waɗannan huɗun, ko da wasu kwasa-kwasan gefe sun ja ka ƙasa, kana da abin nunawa. In kuma C da D ne a cikinsu ka ci A a sauran, gaskiya akwai aiki a gabanka, kuma gara ka sani tun yanzu. Ni shawarata ko an wuce kwas ɗin ka koma ka sake karanta shi da kanka, ka zauna ka warware tambayoyin ƙarshen babi ɗaya bayan ɗaya da hannunka, ba ka karanta amsar wani ka gyaɗa kai ba. Jami'ar MIT ta saka laccocinta na fizik da lissafi kyauta a intanet, ka sauke su da daddare lokacin da data take araha. Lissafin da ake bukata kuwa, kalkulas har na bekta, difarenshiyal ikweshan, liniya aljabra, Fourier, sai ilimin ƙididdiga da yiwuwa wanda mu a nan ba a cika ba shi muhimmanci a sashen fizik ba amma a bincike kullum da shi za ka kwana ka tashi.

Maganar aji na digiri. A ma'aunin maki biyar da yawancin jami'o'inmu suke bi, fas kilas daga 4.50 ne, tu-wan daga 3.50 zuwa 4.49, tu-tu daga 2.40 zuwa 3.49. A gida Najeriya da tu-tu ana samun mastas a jami'o'i da dama, tad kilas sai ta PGD, kuma za a nemi takardar bautar ƙasa ko ta yafewa. A waje kuwa, musamman in sukolashif kake nema, tu-wan ne ƙasan layi a mafi yawan wurare, mai fas kilas shi ya fi samun sauƙi. Mai tu-tu kar ya karaya, amma hanyarsa ta fi zagaye, sai ya yi mastas a gida ya fito da sakamako mai kyau sosai da bincike mai ma'ana, wannan shi zai rufe na baya. Na ga an yi. Abin da ban taɓa gani ba shi ne mutum ya yi sakaci a aji biyu da aji uku ya ce a shekarar ƙarshe zai gyara komai, lissafin makin ba ya yarda, ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai kodin, wato rubuta furogiram na kwamfuta. Dan Allah ƙanina, dan Allah ƙanwata, kar ki bari ki gama digiri ba ki iya Python ba, wani yare ne na rubuta furogiram. Wannan shi ne abin da ya fi bambanta ɗalibanmu da na waje, ba ƙwaƙwalwa suka fi mu ba, su tun aji ɗaya suke rubuta furogiram. Ka fara da Python ɗin kansa, sai NumPy da Matplotlib don lissafi da zana jadawali, sai Astropy wanda masu binciken sama suka haɗa don aikinsu. Ka saba da tsarin kwamfuta na Linux ko da kaɗan ne, ka koyi rubuta takarda da manhajar LaTeX, ka buɗe shafi a GitHub kana ajiye aikinka a can inda kowa zai iya gani. Ba sai laftof mai tsada ba, tsohuwa 'yar kasuwar titin Beirut mai batir mai ɗan riƙe caji ta isa, in ma ta cika nauyi akwai Google Colab da zai yi maka lissafin a kan kwamfutocinsu kyauta. Matsalar wuta kam duk mun san ta, kowa da dabararsa, wani a shagon caji wani a masallacin unguwa mai sola wani a makaranta, kawai ka tsara awa ɗaya ko biyu kullum ka riƙe ta.

Toh ga babban abin, bincike. A nan ne yaron ya ce min ai Yaya mu ba mu da kayan aiki. Na ce masa kayan aikin suna cikin wayarka. Tauraron ɗan'adam na Gaia wanda hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba a 2013 ya auna matsayi da hasken taurari kusan biliyan 1.8, an saki babban kundin bayanan a watan Yunin 2022, kuma kowa zai iya shiga ya ɗiba ba ko sisi. Ka san Kaza da 'Ya'yanta, ɗan cincirindon taurarin nan da kakanninmu suke nuna mana a tsakar gida lokacin sanyi? Nisansu wajen shekarar haske 440 ne. Za ka iya sauke bayanan taurarin wannan yanki daga Gaia, ka tace waɗanda suke tafiya tare a nisa ɗaya ka ware su daga waɗanda kawai suka faɗo a layin kallo, ka zana haskensu a kan launinsu, sai ka ga sun jeru a kan layi ɗaya kamar an ja musu zare, daga nan har shekarun gungun za ka iya ƙiyastawa. Ranar da na fara ganin wannan layin ya fito a allon laftof ɗina wallahi na daɗe ina kallonsa ina tasbihi. Wannan aikin furojet ne cikakke na aji huɗu, kuma ya fi a ce ka kwafo babi biyar na abin da wani ya rubuta shekara goma da suka wuce.

Akwai kuma tauraron ɗan'adam na TESS na hukumar NASA ta Amurka da aka harba a 2018, yana auna hasken taurari a kai a kai, in wata duniya ta gifta ta gaban tauraronta sai hasken ya ɗan ragu, duniya mai girman Jufita a gaban tauraro irin ranarmu kusan kashi 1 cikin 100 take ragewa, kuma da wani kunshin Python mai suna Lightkurve kai ma za ka iya fito da wannan ramin a jadawali. Akwai kundin binciken sama na SDSS mai bayanan gungun taurari masu ɗimbin yawa. Takardun bincike kuma kullum ana saka sababbi kyauta a shafin arXiv, tsofaffin a nemo su a shafin NASA ADS. Da farko ba za ka gane komai ba, haka kowa ya fara, ka karanta gabatarwa da kammalawa ka kalli hotunan, bayan wata uku za ka ji kunnenka ya fara sabawa da yaren.

Ka je wajen malamin da kake ganin zai saurare ka tun kana aji uku, kar ka jira a raba sufabaiza. Ka ce Malam ga abin da nake sha'awa, ga abin da na fara yi, ko za a ba ni dama na yi furojet ɗina a kai. Ko ba fanninsa bane, malami mai son ɗalibi zai yarda in ya ga da gaske kake. In kuma bai yiwu ba, kar ka raina binciken saman iska da tasirin rana a kan duniya wanda malamanmu da yawa suke yi, Najeriya tana kan layin tsakiya na maganaɗisun duniya shi yasa wannan fannin yake da ƙarfi a ƙasar nan, kuma maƙwabcin astirofizik ne na kusa, dabarun sarrafa bayanan duk ɗaya ne. Farfesa Francisca Okeke ta Nsukka a wannan fannin ta ci kyautar L'Oréal da UNESCO a 2013, 'yan mata ku riƙe wannan sunan.

Tunda na ambaci Nsukka, a gida nan ce cibiyar harkar. Jami'ar Najeriya ta Nsukka tana da sashen fizik da astironomi, ana yin mastas da digirin digirgir a astirofizik, kuma a garin ne cibiyar kimiyyar sararin samaniya ta hukumar NASRDA take, wato hukumar sararin samaniya ta Najeriya da aka kafa a 1999. Wanda ya dasa harkar a can marigayi Farfesa Samuel Okoye ne, ya yi fizik a Ibadan ya tafi Kambirij, shi da Antony Hewish a tsakiyar shekarun 1960 suka gano wani ɗan ƙaramin tushen siginar rediyo a cikin hazon Kaguwa, wato ragowar wani tauraro da ya fashe, wanda daga baya aka tabbatar gawar tauraro ce mai juyawa da gudu. Ɗan ƙasar nan ne, da digirin fizik na ƙasar nan ya fara. Akwai kuma jami'ar AUST a Abuja da take mastas a fizik na nazari. Na san wasu iyayen za su ji nisa in an ce Enugu, amma in za a bar yaro ya tafi Indiya ko Sudan karatu banga dalilin da zai hana Nsukka ba, kawai a yi shiri a nemi 'yan uwa da ke can.

A Afirka kuwa Afirka ta Kudu ce gaba. Suna da na'urar hangen taurari ta SALT a Sutherland mai madubi wajen mita 10, suna da MeerKAT mai faranti 64 na rediyo da aka buɗe a 2018, kuma su da Ostireliya ne suke ɗauke da babban aikin SKA na gina katafariyar na'urar rediyo. Akwai shirin NASSP da aka fara a 2003 a jami'ar Cape Town don horar da ɗalibai a wannan fanni, sai dai ka sani tsarinsu digiri shekara uku ne sai shekarar onas sannan mastas, za su sa hukumar SAQA ta auna takardunka ta ga inda ka faɗa, kuma kuɗin tallafi ga baƙi bai kai na 'yan ƙasa yawa ba. Hanya biyu da nake yawan nuna wa yaranmu su ne AIMS da ICTP. AIMS cibiyar lissafi ce da Neil Turok ya kafa a 2003, yanzu tana da rassa a Afirka ta Kudu da Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda, mastas ne na kusan shekara ɗaya kuma wanda aka ɗauka an ɗauke masa kuɗin makaranta da abinci da wajen kwana. ICTP kuma tana Trieste a Italiya, Abdus Salam wanda ya ci Nobel a 1979 shi ya kafa ta a 1964 musamman saboda 'yan ƙasashe irin namu, suna da difloma ta shekara ɗaya da take da ɓangaren fizik na ƙwayoyin zarra da nazarin sararin samaniya, yawanci waɗanda ba su kai shekara 28 ba suke so, masu mastas ko digirin farko mai kyau ƙwarai. Amfanin waɗannan biyun gada ce, ka shiga da takardar da farfesan Turai bai san darajarta ba ka fito da wasiƙar mutumin da ya sani. Sannan ka sa ido a kan makarantar hutu ta PASEA, wadda aka fara a Abuja a 2013 da sunan WAISSYA, sati ɗaya ne ko makamancin haka amma a nan ake haɗuwa da mutanen da za su buɗe maka ƙofa.

Tsarin Turai da na Amurka ba ɗaya bane, kar ka haɗa su. A Jamus da yawancin Turai sai ka yi mastas sannan digirin digirgir na shekara uku zuwa huɗu, kuma a digirgir ɗin biyanka ake kamar ma'aikaci, makarantun Max Planck da ake kira IMPRS a Heidelberg da Munich da Bonn duk shekara suna ɗaukar ɗalibai daga ko'ina. Mastas a yawancin jami'o'in gwamnatin Jamus ba kuɗin makaranta, amma kafin biza sai ka nuna sama da Yuro 11,000 na shekara a asusu in ba ka da sukolashif irin na hukumar DAAD ta Jamus, wannan a kuɗinmu ba ƙaramin abu bane. Akwai Erasmus Mundus na tarayyar Turai da yake da mastas a astirofizik. Ingila tu-wan suke nema a ƙalla, kuɗinsu da tsada, sai dai ta sukolashif ɗin Commonwealth wanda ake bi ta hukumar sukolashif ta tarayya. Amurka kuma da digirin farko ma kana iya shiga digirgir kai tsaye, shekara biyar zuwa shida, shekara biyun farko kwasa-kwasai ne da jarrabawar tantancewa, suna yafe kuɗin makaranta su ba ka alawus kana taya koyarwa ko bincike. Ana rufe karɓar takardu yawanci a Disamba zuwa farkon Janairu don shiga a watan Agusta. Jarrabawar GRE ta fizik da a da take dole sassa da yawa sun daina nema, ka duba shafin kowane sashe da kanka. Kuma dokokin bizar Amurka ga 'yan Najeriya suna yawan canzawa, ka bincika halin da ake ciki kafin ka kashe ko dala ɗaya a kuɗin fom, in ma za ka cike ka roƙi a yafe maka kuɗin, wasu suna yafewa in ka tambaya.

Ƙa'ida ɗaya da nake so ka riƙe, digirin digirgir a wannan fanni ba a sayar da gona a biya shi. In an ba ka gurbi ba tallafi, ka gode musu ka nemi wani wajen.

Wasiƙun shaida guda uku ake nema mafi yawa, wasu biyu. A nan yaranmu suke yin kuskure mai ciwo, sai mutum ya tafi neman wasiƙar mai babban muƙami, shugaban tsangaya ko wani ɗan siyasa ko mai sarauta, wanda ko sunansa bai riƙe ba. Ba girman mai sa hannu ake dubawa ba, abin da ya sani game da kai ake dubawa. Wasiƙar ƙaramin lakcara da zai rubuta cewa yaron nan na koya masa kwantum ya zo na biyu a aji, ya rubuta furogiram da kansa ya tace bayanan Gaia, da ya maƙale sati uku bai bari ba, ta fi wasiƙar farfesan da zai ce yaro ne mai ladabi da biyayya. Ka sanar da su aƙalla sati shida kafin a rufe, ka kai musu tiranskirif da takardar tarihin karatunka da jerin makarantun da ranakun rufewa, ka roƙe su su yi amfani da imel na jami'a ba na kansu ba, don ta can ake turo musu mahaɗin da za su ɗora wasiƙar. Ka riƙa tuna musu cikin ladabi, malamanmu aiki ya yi musu yawa.

Takardar bayanin manufa kuma, kar ka buɗe ta da cewa tun ina yaro nake kallon taurari, kowa haka yake rubutawa. Ni ma husufin rana na 29 ga Maris 2006 da ya ratsa arewa maso yammacin ƙasar nan shi ya fara jan hankalina, gari ya yi duhu-duhu da hantsi ana ta sallah a masallatai, har yau ina jin abin a raina, amma kwamiti ba wannan suke son ji ba. Ka faɗa musu me ka yi, da wane bayani, wace matsala ka ci karo da ita, ya ka warware, me ka gano, sannan wane malami a sashensu kake son aiki da shi kuma saboda me. In akwai shekarar da makinka ya faɗi saboda rashin lafiya ko rasuwa ko yajin aiki ya wargaza maka lissafi, jimla biyu ta isa ka bayyana ka wuce. Ka rubuta da kanka ka ba wanda ya fi ka Turanci ya duba, kar ka kwafo ta wani. Haka in za ka tura wa farfesa imel, gajere, ka nuna ka karanta takardarsa ɗaya, ka liƙa mahaɗin aikinka. Goma za ka tura biyu su amsa, ba wulaƙanci bane, haka abin yake.

Turanci, yawanci maki 6.5 a jarrabawar IELTS ko kuma jarrabawar TOEFL ake nema, sakamakon shekara biyu yake yi kafin ya mutu don haka kar ka rubuta da wuri sosai. Wasu jami'o'in Ingila suna karɓar kiredit ɗin Turanci na WAEC, wasu kuma takardar da jami'arka za ta rubuta cewa da Turanci aka koyar da kai, ka tambaya kafin ka biya kuɗin jarrabawa don kuɗin ba kaɗan bane.

Tiranskirif kuwa, ka nema tun ranar da sakamakonka ya fito. Ni a makarantar da na yi digirina, ba a nan Kano take ba, wata biyar na yi ina sintiri a mota ana ce min fayil ɗina yana wancan ofis, har ranar rufewa ta wuce na rasa damar shekara guda cur, abin ya yi min ciwo sosai kuma bana so ya sami wani. Ka kuma duba sunanka a WAEC da digiri da NIN da fasfo, mu nan mun saba a wata takarda Muhammad a wata Mohammed, a wata an saka sunan unguwa ko gari a ƙarshe a wata babu, a waje wannan ƙaramin abin yana iya tsayar da komai. Ka gyara tun kana bautar ƙasa, fasfo ma ka yi shi a lokacin.

Sai maganar gida, wadda ita ce ta fi duk waɗannan nauyi a wajen wasu. Baba zai tambaya me za ka ci da wannan karatun, kuma tambayarsa tana kan hanya, kar ka ji haushi. Ka gaya masa gaskiya, kujerun bincike a duniya ba su da yawa, bayan digirgir ana yin aikin kwantiragi na shekara biyu ko uku sau ɗaya ko sau biyu kafin a sami na dindindin, kuma ba kowa ke samu ba. Amma wanda ya iya lissafi da kodin da sarrafa manyan bayanai har ya kai wannan matakin ba ya rasa aiki, ko koyarwa a jami'a ko hukumar NASRDA ko banki ko kamfanonin fasaha. Ke kuma ƙanwata ki fara maganar da Umma da Abba tun kina aji uku, ki nuna musu inda za ki zauna da wanda zai biya da tsawon lokacin, in akwai maganar aure a sa ta cikin lissafin tun wuri a fahimci juna da mai neman, yarda ba ta samuwa a sati ɗaya in takardar gurbi ta riga ta zo.

Shi dai yaron da aka kira magariba muka tashi, na ce ya je ya kawo min makinsa na makaniks da na lantarki da maganaɗisu mu gani, ya kuma sauke Python a laftof ɗin yayarsa kafin Juma'a mai zuwa, daga Kaza da 'Ya'yanta za mu fara.